Yaron da ba ya cikin takarda: harajin albashi da nauyin iyali a Maraɗi

A cikin duk takardun da malamin makaranta ke riƙewa, babu wadda ya fi ƙyuyar karantawa kamar takardar albashinsa. Mutumin da zai kwana yana duba kwafin ɗalibai sittin, yana kama wasali ɗaya da ya ɓace, shi ne idan takardar albashi ta zo hannunsa sai idonsa ya zarce layin ƙarshe. Ya ga abin da ya rage masa, ya ja tsaki, ya ninke ta ya sa aljihu. Alhali sama da wannan layin akwai wani mai haruffa uku, ITS, wato harajin albashi, kuma akwai wata ƴar lamba da ke faɗin mutum nawa gwamnati ta san kana ɗauke da su. Wannan ƴar lambar ce nake son mu tattauna a kanta yau, domin a gidajen malamai da yawa ta daɗe da daina faɗin gaskiya.

Na shafe shekaru ina koyar da lissafi tsakanin Jiratawa da birnin Maraɗi, kuma wanda aka sani da lissafi ba ya rasa masu kawo masa takarda a ƙarshen wata. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum. Shin ni ma sai na je ofishin haraji na cika takarda? Yaya ake yanke kuɗin nan? Mahaifiyata tana cikin lissafi? Matata ta biyu fa? In an yanke mini fiye da kima, ana mayarwa? Zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Amma kafin nan sai mun koma baya kaɗan, don a ganina matsalar ta girmi takardar albashi, tun daga gidajen kakanninmu ta taso.

Kalmar lanho da muke faɗi a Nijar daga bakin Faransawa muka ɗauko ta. Harajinsu na kai ne: a ƙidaya baligan gida, kowane kai da kuɗinsa, mai gari ya tara ya kai wa sarki, sarki ya kai wa kwamanda. Kuma kuɗi tsaba suke so, ba damin gero ba. Wannan na cikin abin da ya tura manoman ƙasar Maraɗi da Gobir noman gyaɗa gadan-gadan, ya kuma sa wasu suka riƙa tsallakawa ƙasar Katsina idan lokacin biya ya matso. A gidanmu tsofaffi na ba da labarin yadda ake tura samari daji, ko a ɓoye su cikin rumbu, ranar da masu ƙidaya suka shigo gari. Ba wauta ba ce. A wancan zamani duk sunan da ya shiga littafin Nasara ya zama bashi a wuyan maigida, wani lokaci har da aikin tilas.

Bayan samun ƴancin kai a 1960 harajin kai bai tafi nan take ba. Sai a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kuɗin uranium ke shigowa, gwamnatin Seyni Kountché ta sauke wa talakawa babban kasonsa. Har yau kuwa akwai ɗan lanhon da ƙananan hukumomi ke karɓa ta hannun masu gari da masu unguwa, shi ma da ƙidayar kawuna yake tafiya. Saboda haka tsoron rubuta suna bai mutu ba. Mun gaje shi kamar yadda ake gadon gona. Ɗan manomin da ya yi lakwal ya zama mushe, ya shiga aikin gwamnati, yana ɗauke da wannan tsoro a ƙasan zuciyarsa ko da bai sani ba. Abin da ba a faɗa masa ba shi ne harajin albashi ƙidayarsa a juye take. A lanho, yawan kawuna yawan biya. A harajin albashi, yawan waɗanda kake ciyarwa ragin biya. Wanda ya ɓoye yaro a zamanin kakanmu ya tsira da kuɗinsa, wanda ya bar yaro ba takarda a yau shi ke asara kowane wata.

To, tambaya ta farko: sai na je na cika takarda da kaina? Ga ma'aikacin da albashi ne kaɗai abin shigarsa, kuma wuri ɗaya yake aiki, amsar ita ce a'a. Wanda ya ɗauke ka aiki shi doka ta ɗora wa nauyin lissafa harajin, ya cire shi tun kafin kuɗin ya iso hannunka, ya zuba wa hukumar haraji ta ƙasa, DGI, wata-wata, sannan ya kai mata jimillar shekara. Ga malamin gwamnati, ofishin albashi na ma'aikatar kuɗi a Yamai ne ke yin wannan. Ga malamin makaranta mai zaman kanta, mai makarantar ne. Wannan sauƙi ne, amma sauƙin na da tarko. Tunda ba a taɓa kiranka an tambaye ka ba, kai ma ba ka taɓa jin cewa akwai abin da ya rage gare ka ka faɗa ba. Kwamfutar da ke lissafin albashi ba ta zuwa suna. Ba ta san an yi maka haihuwa bara ba, ba ta ci naman ragon ba. Abin da aka shigar mata ranar da aka buɗe maka fayil, shi take riƙe da shi har ka yi ritaya, in ba ka kai mata sabon labari a rubuce ba.

Tambaya ta biyu: yaya ake lissafin? Alƙaluman da zan kawo na kundin haraji na 2012 ne, wanda aka daɗe ana lissafa albashinmu da shi. Dokar kasafin kuɗi ta kowace shekara tana iya taɓa su, don haka duk mai son lissafa nasa ya nemi jadawalin shekarar da yake ciki a ofishin haraji na jihar Maraɗi ko wajen mai kula da ma'aikata. Tsarin dai shi ne abin koyo. Ba dukan albashi ake bugawa da kaso ɗaya ba. Da farko ana cire kuɗin ajiyar fansho, sannan wani kaso na hidimar aiki, sannan rangwamen nauyin iyali. Abin da ya rage shi ake yankawa gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da nata kason. Jika 25 na farko, kashi 1 cikin 100. Daga nan zuwa jika 50, kashi 2. Zuwa jika 100, kashi 6. Zuwa jika 150, kashi 13. Zuwa jika 300, kashi 25. Haka yake hawa, 30, 32, 34, har ya tsaya a kashi 35 ga abin da ya haura miliyan ɗaya a wata.

A nan ne nake yawan jin wata magana a ɗakin malamai, wai kada a yi murnar ƙarin girma, don in albashi ya tsallaka wani mataki haraji zai cinye ƙarin har ya taɓa na da. Wannan ba ya yiwuwa. Kaso mai tsada yana hawa ne kan gunduwar da ta haura kawai. Wanda abin da ake lissafa masa ya tashi daga jika 150 zuwa jika 160, jika 10 ɗin nan na sama ne kaɗai za a cire wa kashi 25, wato sefa 2,500, ya tafi gida da 7,500. Na ƙasa suna nan yadda suke.

Rangwamen iyali kuwa ga yadda kundin ya jera shi. Mutum ɗaya a wuyanka, a rage kashi 5 cikin 100 na kuɗin da za a lissafa wa haraji. Biyu, kashi 10. Uku, 12. Huɗu, 13. Biyar, 14. Shida, 15. Bakwai, kashi 30. Daga bakwai an rufe ƙofa.

Bari mu sa wa maganar nama. Ɗauki malamin da, bayan an cire fansho da hidimar aiki, ya rage masa jika 150 a wata. In gwauro ne, ba kowa a takardarsa, harajinsa 250 da 500 da 3,000 da 6,500, jimilla sefa 10,250. In takarda ta san shi da mata ɗaya da yara biyu, mutum uku ke nan, za a rage kashi 12, a yi lissafi kan jika 132, haraji ya dawo 7,910. In kuwa ta san shi da mutum bakwai, za a yi lissafi kan jika 105, haraji ya zama 4,400. Yanzu ka ɗauka wannan malami ya shiga aiki da mata da yara biyu, Allah ya ƙara masa huɗu, amma bai kai takardunsu ba. Kowane wata yana biyan 7,910 a maimakon 4,400. Bambancin 3,510 ne. A shekara 42,120. A shekara biyar ya haura jika 210. Wannan mutumin shi ne za ka gani a watan Oktoba yana neman rancen kuɗin littattafai da tufafin makarantar yaran nan da bai rubuta ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, amma shi nasa ruwan yana tsiyaya ta ƙasan guga bai lura ba.

Tambaya ta uku ita ce mai zafi: su wa ake ƙidayawa? Doka na maganar abokin aure da ba shi da abin shiga na kansa, da ƴaƴan da ba su kai munzali ba. Ɗan da ya girma amma yana karatu, misali a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi, ana ci gaba da ƙidaya shi na wasu shekaru in ana kai shaidar karatunsa. Haka ma ɗan da nakasa ta hana shi neman na kansa. Yaron riƙo yana iya shiga, amma sai da takardar kotu da ta tabbatar cewa riƙonsa na hannunka. Maganar baki ta dangi, ko da duk unguwa ta shaida, ofishi ba ya karɓar ta.

Da na gama wannan bayani, abin da ke biyo baya kullum shi ne shiru, sannan wani ya ce: to inna fa? Gaskiyar magana, iyalin da kundin haraji ya zana ba irin gidanmu ba ne. Malamin da ke Jiratawa yana ciyar da mahaifiyarsa, yana biyan maganinta. Akwai ƙanwarsa da aurenta ya mutu ta dawo da goyo. Akwai ƴaƴan wansa da ya tafi ci-rani Libiya ko Legas. Akwai almajirin da ke cin tuwon dare a ƙofar gida. Albashi ɗaya a zuriya kamar inuwa ɗaya ce a fili, kowa nan yake nufa. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna macen Nijar na haihuwar yara 7.6 a matsakaici, ta jihar Maraɗi kuwa 8.4. A ƙasar da mace ɗaya ke iya cika gurbin bakwai ita kaɗai da ƴaƴanta, mai mata biyu ya wuce iyakar tun da sauran ƙuruciyarsa. Ko matanka huɗu ne da yara ashirin, lambar ba ta wuce bakwai.

Ba na cikin masu cewa a cire iyakar gaba ɗaya. Gwamnatin da ke biyan mu albashi da harajin take biya, kuma masu albashi a ƙasar nan ƴan kaɗan ne cikin jama'a. Manomin da ke ban ruwa a fadamar Jiratawa, yana noman zogale da albasa, shi ma yana da yara takwas, kuma babu wata takarda da ke rage masa kuɗin taki saboda su. In muka ce a yafe mana komai, a kansa nauyin zai koma ta wata hanya. Amma akwai abu biyu da nake ganin ya kamata ƙungiyoyin malamai su riƙa ɗagawa idan ana zaman tattaunawa, maimakon a tsaya kan ƙarin albashi kawai.

Na farko, tsallen da ke tsakanin shida da bakwai. Daga mutum biyu zuwa shida, rangwame na rarrafe ne, daga 10 zuwa 15. Sai na bakwai shi kaɗai ya zo da kashi 15. A misalinmu na ɗazu, mai shida na biyan 7,325, mai bakwai 4,400. Buhun gero bai san wannan bambanci ba, yaro na uku da na bakwai cikinsu ɗaya. Na biyu, tunda rangwamen kaso ne na albashi, mai babban albashi ya fi morarsa. Wanda ake lissafa wa jika 250, in ya cika bakwai harajinsa na sauka daga 35,250 zuwa 16,500, ya tsira da 18,750. Wanda ake lissafa wa jika 60, nasa na sauka daga 1,350 zuwa 590, ya tsira da 760 kacal. Yara bakwai ne a nan, bakwai ne a can. Wanda ya fi bukata shi ya fi samun kaɗan.

Maƙwabtanmu sun gwada wata hanya. Tsohuwar dokar harajin mutum ta Najeriya ta ware naira 2,500 ga kowane yaro har huɗu, da naira 2,000 ga dangin da ke wuyan mutum har biyu, irin tsohuwar uwa ko gajiyayyen uba. Faɗuwar naira ta mayar da kuɗin abin dariya, ba su sayen ko mudun shinkafa, shi ya sa a 2011 aka kawo rangwame na dunƙule ga kowa. Duk da haka dokar ta san cewa ɗa na ɗaukar iyayensa, abin da kowane Bahaushe ya sani tun yana goye. Faransa kuwa, inda muka kwafo yawancin tsarinmu, tun 1945 take raba kuɗin shigar gida bisa yawan mutanen gidan kafin ta lissafa haraji. Kowace ƙasa da irin gidan da ta hango lokacin rubuta dokarta. Namu ya kamata ya yi kama da gidajen Tibiri da Jiratawa, inda kaka ke zaune a tsakar gida.

Tambaya ta huɗu takan fito daga malamai mata, kuma sun yi yawa yanzu a makarantun Maraɗi. In miji da mata duka suna da albashi, wa ke ɗaukar yaran? Abu ɗaya tabbas ne: yaro ɗaya ba ya shiga takarda biyu, kuma matar da ke da albashinta ba ta zama nauyi a takardar mijinta. A al'ada takardar miji ake sa su. Amma na ga malama da mijinta ya rasu, tana riƙe da marayu biyar, takardarta na nuna sifili, don yaran na fayil ɗin marigayi kuma ba wanda ya ce mata ta nemi a mayar da su nata. Na ga wadda aka saka, yara na hannunta, ci da sha da magani duk ita, rangwame kuwa na tafiya aljihun wanda ko sabulu ba ya aikowa. Ƴar uwa malama, in kina cikin irin wannan hali, ki nemi takardar mutuwa ko ta kotu da ke nuna riƙon yara na hannunki, ki kai. Ba rashin kunya ba ne, ba kuma tonon asirin gida ba. Haƙƙin marayun ne kike karɓo musu.

Tambaya ta biyar: waɗanne takardu? Takardar aure daga ofishin magajin gari, takardar haihuwar kowane yaro, shaidar karatu ga manya, wani lokaci da shaidar cewa yaran na raye kuma suna hannunka. A nan ne tsohon tsoron nan ke kama mu. Aurenmu a masallaci ko a ƙofar gida ake ɗaura shi, da waliyyai da shaidu da goro, kuma ya ɗauru a wurin Allah da wurin jama'a. Sai dai ofishin albashi bai halarta ba. Dokar rajistar jama'a ta 2019 ta ba da kwana 60 a kai sanarwar haihuwa, kuma kyauta ne, ana iya yi a gidan likita inda aka haihu ko a cibiyar sanarwa ta gari. Wanda ya bari kwanakin suka wuce sai ya bi ta kotu, da shaidu, da zirga-zirga, ko ya jira ranar da alƙalai ke fitowa ƙauyuka zaman bayar da takardu. Abin da za a gama cikin mako guda da suna, a bar shi ya zama aikin wata uku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga ƴan kwantiragi, waɗanda su ne mafi yawan masu riƙe da azuzuwan firamare a ƙasar nan, shawarata ita ce kada a jira ranar samun lambar ma'aikaci kafin a fara neman takardu. Ranar da aka ce a kawo fayil, lokaci gajere ake bayarwa, kuma abin da ka kai ranar shi zai bi ka shekaru. Tara su tun yanzu, ka yi kwafi, ka adana cikin leda inda gara da ruwan damina ba su kai.

Tambaya ta shida: in an yanke fiye da kima, ana mayarwa? A raba abu biyu. In ka kai takardunka, an karɓa, amma aka ci gaba da yanke maka kamar ba ka kai ba, kuskuren nasu ne, kuma kana da damar rubuta koke ka nemi gyara da mayarwa. Shi ya sa duk takardar da za ka miƙa, ka riƙe kwafi mai hatimi da kwanan wata. Koken haraji na da wa'adi, ba a barin sa ya kwana shekaru. In kuwa kai ne ba ka kai ba, to hujjarka ta yi rauni, domin ofishi ya yi lissafi da abin da ya sani. Kada ka dogara da cewa wata rana za a tara maka na baya a ba ka dunƙule. Gyaran da ya fi tabbas shi ne na watan gobe. Kuma a bi shi da ƙafa: takarda na tashi daga makaranta zuwa ofishin sufeto, zuwa na jiha, zuwa Yamai, a kowane zango tana iya yin barci. Bayan wata biyu ko uku ka duba takardar albashi ka ga ko lambar ta canza.

Akwai masu haɗa rangwamen haraji da kuɗin yara da ake ba ma'aikaci. Ba ɗaya ba ne. Kuɗin yara ƙari ne da ake ba ka, ga ma'aikatan kamfanoni da makarantu masu zaman kansu ta asusun CNSS yake fitowa. Rangwame kuwa ragi ne a kan abin da za a karɓa daga gare ka. Takardun haihuwa ɗaya ne ke buɗe ƙofofin biyu, amma samun ɗaya ba ya nufin ɗayan ya gyaru da kansa. Malamin makaranta mai zaman kanta kuma ya ƙara da tambayar ko an yi masa rajista a CNSS, ya nemi lambarsa. Na san malamai da aka yi shekaru ana cire musu kuɗi da sunan haraji da fansho a wata makaranta, ba takardar albashi, ba lamba, sai ranar rabuwa suka gane ba inda sunansu ya shiga.

Sai masu cewa: ina da ɗan shago a kasuwa, ko ina da gidan haya a Maraɗi, ITS ya wanke ni? Bai wanke ka ba. ITS na albashi ne kawai. Shago da nasa harajin, gidan haya da nasa, kuma waɗannan kai ne za ka je da ƙafarka, ba mai cire maka daga sama. Gara ka je ka tambaya tun suna ƙanana da a zo maka da takardar tara.

Akwai gefen maganar da ba a son ji, amma sai an faɗa. Yadda ake ƙara suna, haka ake cire suna. Yarinyar da aka aurar ta bar wuyanka. Yaron da ya gama karatu ya samu aiki ya bar wuyanka. Wanda Allah ya karɓi abinsa, ya bar takarda. Na taɓa jin ana ba wani shawara ya ari takardun ƴaƴan ƙaninsa ya cika bakwai, tunda tsallen kashi 30 na da daɗi. Malamin da ke hana yara satar amsa ranar jarrabawa bai kamata ya yi tasa satar a fayil ba. Ban da haka, ranar da aka binciko, kuɗin za a cire daga albashin nan dai, a lokacin da ba ka shirya ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. In har kai ke riƙe da ƴaƴan ɗan uwanka da gaske, hanyar kotu a buɗe take, ka bi ta a rubuta gaskiyar.

Iyaye da ba ku da albashi, kada ku ce wannan zancen ma'aikata ne. Takardar haihuwar da ke rage wa malami haraji ita ce yaronku zai nema ranar rajistar jarrabawar BEPC, ranar neman katin ɗan ƙasa, ranar shiga jami'a ko aikin soja. Kowace shekara muna ganin ɗalibi mai ƙwazo yana kuka a ƙofar ofishin darakta saboda ba shi da takarda, uba na gudu tsakanin mai gari da kotu a makon ƙarshe, a ƙarshe a ƙiyasta wa yaro shekarar haihuwa da ka. Rubuta jariri ba ya jawo muku lanho, jariri ba ya biyan haraji. Abin da kakanninmu suka guje wa ya wuce, abin da ke gaban ƴaƴanmu kuwa duk da takarda ake shiga.

Mu malamai muna da wata dama da ba kowa ke da ita ba. Muna zuwa suna a kowace unguwa, ana ba mu tabarma a gaba, ana jin maganarmu. Ba zai rage mu da komai ba in bayan addu'a muka ja uban jariri gefe muka ce masa kwana 60 ne, kuma bakwai sun riga sun tafi. Amma wanda zai faɗi wannan sai ya fara da gidansa. A ƙarshen watan nan, kafin ka ninke takardar albashi, nemi ƴar lambar nan, sannan ka ƙidaya waɗanda doka ta yarda da su cikin masu cin tuwon gidanka. In lissafin biyu bai zo ɗaya ba, ka san inda za ka nufa ranar Litinin.

Allah ya sa albarka a cikin abin da muke samu, ya raya mana zuriya, ya ba mu ikon sauke nauyin waɗanda takarda ta sani da waɗanda ba ta sani ba.